Shafi na Ɗari Biyu da Goma

Ƙarfe shida nake buɗe rumfar ruwa.
Ni ce Dolgorma, makulli a wuya, tiyo a hannu,
a gefen Ulan Bato, inda tantunan gashin tumaki
suka zauna bisa tudu kamar ƙoren da aka kife,
hayaƙin kwal ya tsaya musu a ka, ya ƙi tafiya.

Shekarata arba'in da ɗaya.
Aji tara na bari, a hunturun da ya kashe garken babana.

Littafin, a kan sikeli na saye shi,
wurin mai sayar da tsofaffin takardu.
Kalkulas, in ji bangonsa.
Shafi talatin na farko wani ya hura murhu da su,
sai na shiga ta tsakiya, kamar baƙuwar da ta tarar ana ci.
A baya akwai amsoshi, amma rabi:
ta ɗaya, ta uku, ta biyar.
Sauran kuwa, tsakanina da Allah.

Wani ya riga ni bin hanyar.
Ya bar sawu da fensir a bakin shafi:
"Ban gane ba." Can gaba: "Af, ashe!"
Ban san sunansa ba, na sa masa Maƙwabci.

Malamina na waya, hannunsa kawai na sani,
da muryar da ba ta gajiya in na ce maimaita.
Sanyi na shanye batir kamar ɗan maraƙi a nono,
don haka wayar a hammata take kwana.

Mako uku ina tsaye a bakin iyaka:
wai a yi ta kusantar abu, ba a taɓa shi ba,
amma a faɗi sunansa ba tare da shakka ba.
Ashe ba nan ciwon yake ba.
Aljabarata ce ta ruɓe daga tushe.
Na ari littafin 'yata Sarnai, na aji bakwai,
ta yi dariya, sannan ta gyara min kujera.

Ranar da abin ya buɗe, ba a takarda ba ne.
Tanki ne. In ya cika, ruwa na fita da fushi,
in ya yi ƙasa, sai ya zama tafiyar tsohuwa.
Na ɗauki alli, duk minti goma in ja layi a jikinsa.
Layukan suka yi ta matsar juna.
Na tsaya da baki buɗe:
saurin nan ma yana da nasa saurin!
Tsoho Gombosuren ya buga jarkarsa da sanda,
"Ruwa muka zo saya, ko kallon bango?"
Na cika masa har ya zuba a takalminsa.

Daga baya na koyi komawa da baya,
a yanka abu siriri, siriri, har ya kusa ɓata,
a tara shi ya dawo cikakke.
Da yayyafi kogi kan cika, an daɗe ana faɗa,
yanzu na san yadda ake ƙirga yayyafin.

Tambaya ta arba'in da bakwai ta ci min kwana tara.
Alamar ɗebewa guda ce na yar a layi na biyu.

A shafi na ɗari biyu da goma fensirin Maƙwabci ya tsaya.
Babu "ban gane ba", babu komai.
Ko aiki ya samu, ko haihuwa aka yi masa, ko gajiya,
ban sani ba.
Na zauna da shafin har shayina ya yi ƙanƙara.

Babu mai jiran takardata, babu jarrabawa.
Na fere nawa fensirin da wuƙar yanka tiyo,
na juya shafi, fari fat kamar filin da ba a taka ba,
na rubuta ƙanana a gefe, domin mai zuwa:
"Nan akwai santsi. Bi ta hagu."