Matakalar Hajiya Yalwa

Rabe ya zo rumfata a Ƙofar Marusa
da hoto cikin waya:
matakala mai lanƙwasa kamar wuyan raƙumi,
itacen ƙasashen sanyi, in ji shi,
irinta yake so a benen da ya ɗora wa tsohuwarsa.

Na ce, wannan itace bai san Katsina ba,
bazara ɗaya za ta tsage masa baki.
Ga maɗaci can a jingine,
damina uku yana bushewa a inuwata,
ɗacinsa ya hana gara ko sallama.

Ya ce, nawa?
Na ce, ban ga ƙafar da za ta hau ba tukuna.

Na tarar da ita a tsakar gida tana gyaran zogale.
Na aje bulo, na ce Hajiya taka.
Ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi.
Na aje guntun katako, ta taka, ta yi dariya.
Inci biyar.
Na rubuta da fensirin da ke bayan kunnena.
Ma'aunin da na koya wurin maigidana bakwai ne,
amma maigidana bai taɓa ganin wannan gwiwa ba.

Hawa goma sha biyar ya koma ashirin da ɗaya.
Birkila ya yi ta mita, ya ce na cinye masa falo.
A tsakiya na bar fili, faɗin buzun salla,
daidai tagar da ke kallon dalbejiya,
don numfashi ma yana son wurin zama.

Madafar hannu kuwa, sai da na sa ta riƙe muciya
na ga inda yatsunta ke haɗuwa.
Sati biyu ina bin ta da samfefa
har garin katako ya rina mini gemu ja,
Tasi'u yarona na tsokanata wai na yi lalle.

Ranar da muka kafa ta,
ban tsaya karɓar cikon kuɗi ba, ƙafa nake kallo.
Bismilla, ta ce. Ɗaya. Biyu.
Na tara ya yi ƙara, ƙiii,
kunya ta kama ni har wuya.
Na jawo guduma, na laluba aljihu neman ƙusa.

Ta ce, kul.
Bar mini shi.
Idona ya fara gajiya, ɗan nan,
wannan ne zai riƙa gaya mini mai zuwa:
Rabe da nauyinsa,
jikata da ke tsallake bibbiyu,
ko mai satar ƙuli-ƙulina.

Shekara talatin ina kashe ƙarar katako.
Ran nan na mai da guduma jaka,
na sauko a hankali,
na taka na tara da gangan.