Lambar da Muka Rubuta da Gawayi

Ran Laraba, kasuwar Kuka-Uku ta cika ta batse,
ina zaune gaban tiren ƙuliƙulina,
sai ga motar 'yan sanda, ƙofarta ɗaya ɗaure da igiya.
Sufeto Tanimu ya hau baya,
ya bubbugi lasifika sau uku kafin ta yarda ta yi magana.

Ya ce raguna biyu na caji ofis tun Asabar,
ɗaya baƙin wuya, ɗaya kunne a tsage,
sun cinye harawar kofur, mai su ya zo da shaida.
Mutum bakwai suka miƙe.
Ya ce, jama'a, biyu fa na ce.

Ya ce wanda ya kira ka da muryar banki,
murya mai santsi kamar miyar kuɓewa,
ya ce karanto mini lambobin katinka,
ka kashe wayar.
Ɓarawon yanzu ba ya haura katanga.
Na kalli Ila mai shayi.
Ila ya kalli butarsa.
Ta nan kuɗin riɗinsa na bara suka bi.

Ya ce kogi ya kawo,
jirgin mutum goma kada ya ɗauki ashirin
har da buhunan shinkafa da babur.
Ya ce in tanka ta faɗi a titi,
ka bar jarkarka inda take,
man da ke kwarara ba rabonka ba ne.
Nan kasuwa ta yi tsit.
Yarinya mai tallan ruwan sanyi ta haɗiye kiranta.
Kowa akwai wanda ya tuna.

Ya ce in kun kama ɓarawo
ku kawo shi da ƙafarsa, ba a kan amalanke ba.
Ya ce beli kyauta ne.
Dariya ta tashi daga rumfar mahauta
har ta kai 'yan tumatir.
Ya goge gumi da hularsa,
ya ce wanda aka karɓi ko sisinsa ya same ni, ni da kaina.
To.
Ido ba mudu ba, amma ya san kima,
na ga kamar har zuciyarsa yake faɗi.

Sai lamba, ya karanto ta sau biyu.
Ni ba waya, ba biro, ba boko.
Jikana Lawandi ya ciro gawayi a murhun mai masa
ya zana ta a hannunsa,
da muka je gida ya mayar bangon ɗakina,
gefen ƙusar da nake rataye fitila.
Ruwan Juma'a ya zo da iska ta gabas,
ya lashe uku na ƙarshe.

Daren Litinin na ji motsi a garken Barmani,
turke na girgiza, kare ya ƙi yin shiru.
Na tashi Lawandi, na nuna masa bango.
Ya ce, Iya, tana kaina,
ya karanto ta idonsa a rufe.
Muka buga wa Ila ƙofa, ya ba da waya,
bayan ya rantsar da mu ba banki za mu kira ba.

Sun zo.
Ba da wuri ba, liman ya riga su,
wai sai da suka tura motar daga gada.
Suka haska garke:
jakin Barmani ne ya tsinke igiya
yana cin danga.

Kunya ta rufe ni kamar zane.
Kofur ya ce, Iya, gara jaki sau goma
da shiru sau ɗaya.
Na ƙulle masa ƙuliƙuli a leda.
Ya sa hannu aljihu, na ce bar shi,
wannan ma kyauta ne, kamar belinku.

Da hantsi Lawandi ya sake zana ukun nan,
wannan karon da ƙusa.