Faɗa Masa a Fili

Likita ya ce: faɗa masa a fili.
Ya miƙo mini hoton huhu, ya dubi agogo, ya wuce.
Ba ya jin Hausa.
Ni ce bakinsa a ɗakin nan tun bara.

Na tsaya a baranda, hoto a hannu,
sanyin Lamingo na shiga ta wuyan riga.
A fili.
Na jujjuya kalmar kamar mai zaɓen dankali a Farin Gada.
Fili ai inda yara ke buga ƙwallo ne,
ba inuwa, ba bango, kowa na kallo.
Ba zan ja tsoho can in tsayar da shi ba.

A sarari? Ya yi nisa,
na shaho ne da jirgin sama.
Ƙarara tana da kaifi.
Ɓaro-ɓaro ta masu faɗa ce a tasha,
a faɗe ta, a tofar da yawu, a kaɗe zane.
Ƙuru-ƙuru ido ce marar ƙiftawa,
irin wanda Inna ke yi mini in canji bai cika ba.
Keke-da-keke kuwa ta ciniki ce:
ga kuɗinka, ga kayana, kowa ya kama gabansa.

Akwai wangale.
Ƙofa in ta wangale kowa shiga yake,
baƙo, akuya, iska, ɓarawo.
Akwai buɗe, ƙanwarta mai kunya,
wadda ba ta ɗauke hannu daga kan marfi.
Sai su ba rufa-rufa, ba kumbiya-kumbiya, ba ɓoye-ɓoye,
'yan gida ɗaya,
duk sun fi sanin abin da ba za su yi ba.

Na ƙirga goma sha ɗaya.
Ba wadda ta yarda ta shiga gaba.

Gado na bakwai. Baba Chollom,
shekara talatin yana wankin kuza,
yanzu numfashinsa kamar ana jan buhu a kan siminti.
Ya ce: Yarinya, kin daɗe a baranda.
Mai albishir ba ya tsayuwa a baranda.

Na ce: Baba, ya ƙarfin jiki?
Ya ce: Zauna.

Ramin da muka haƙa wajen Bukuru,
har gobe a buɗe yake, ba marfi, ba shinge.
Ruwa ya cika shi, shuɗi, kwance luf,
kina iya ƙirga gajimare a cikinsa.
Bai ɓoye fuskarsa ga kowa ba.
Zurfinsa ne bai taɓa faɗa ba,
kuma na san gidan da suka yi kuka saboda shi.
Kada ki zama mini wannan ruwan.
Fuska na gani. Nawa ne zurfin?

Na ajiye hoton a kan bargo.
Na ce: Ba zai warke ba.
Damina ɗaya. Idan Allah ya so, biyu.
Muryata ta fito ƙarama, ba ado,
ba ɗaya daga cikin goma sha ɗayan nan da ta rako ta.

Ya daɗe yana kallon silin.
Wani a gado na uku yana neman ruwa.

Ya ce: To. Madalla.
Kira mini Davou, ɗana na Kaduna,
akwai maganar gona da na danne tun yana goye,
ni ma ashe ramin ne.
Sannan ki buɗe tagar nan, ina son ganin duwatsu.

Tagar ta cije.
Fenti ya liƙe ta tun wani gyaran da ba wanda ya tuna.
Sai da Kande mai shara ta kawo sandar tsintsiya
muka buga, muka buga,
ta buɗe tafin hannu ɗaya.

Ya ce: Bar ta haka. Ya isa iska.