Tsohuwar Soja

A gwanjo muka sayo ta, can kudancin Montana,
taya shida, koren fenti kamar gansakuka,
lambar bataliya ba ta gama gogewa daga ƙofarta ba.
Muka ɗora mata tankin ruwa,
ta bar yaƙin mutane, ta koma yaƙin gobara.

Wendell Rustad ne ya fara hawanta.
Ƙafarsa ta hagu ta daɗe da zama a wata ƙasa,
ƙarfe ne cikin takalmin.
Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, babu kuloci,
totur da birki kurum.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Marlys, ga wadda ba za ta tambaye ni abin da na rasa ba."

Shi ya koya mini ita, da faɗa, da kofi mai ɗaci.
Kada ki auna man giya da sanyin safiya,
bari ta ɗumama, inji na ruri, tana firi,
a fili shimfiɗaɗɗe.
Zaro sandar, goge a farin tsumma, ɗaga wa rana.
In ja ne garau, lafiya lau.
In ya yi duhu yana ƙaurin tukunyar da aka manta a wuta,
cikinta na cin kansa.
In ya yi kamar an zuba wa jini madara,
ruwa ya shiga, ajiye makulli, ɗauko sifana.

Ba ta san tsayuwa da kanta ba,
ja birkin hannu, sa waigi.
A gangare kada ki bar mata zaɓi,
kama ta a ƙaramar giya tun kina kan tudu.
In za a ja ta, kwance farfela tukuna.

Ranar da wuta ta faɗa gonar alkamar su Dagny Oyen
Wendell na asibiti, ni ke riƙe da ita.
Yashin busasshen rafi ya haɗiye mana taya.
Colter, yaron da ke gefena, yana dukan gwiwa:
"Gaba, ribas, gaba, ribas! Taka ta!"
Allurar zafi ta haura, tana lasar jan layi.
Hayaƙi ya kai shinge.
Na ji muryar tsohon a ƙeyata:
sauri ya haifi nawa.

Na mayar da ita firi.
Na ɗan taka totur, mai ya zaga ya huce,
muna zaune, tartsatsi na sauka kan gilashi.
Ban taɓa sanin minti uku na da tsawo haka ba.
Colter ya zage ni. Na yafe masa tun a wurin.
Da allura ta sauko muka rage iskar tayoyi,
na sa ta ɗaya, na lallaɓa ta
kamar mai tashin tsohuwa daga barci.
Ta yi nishi, ta girgiza, ta fito.
Rumbu ɗaya ya tafi. Gidan yana nan.

Da na ba Wendell labari bai yabe ni ba.
Cewa ya yi, "Kin canza matata bayan nan?"

A bayanta muka kai shi makwanci,
cikin dusar ƙanƙara, a hankali,
na ji ta sauya daga ɗaya zuwa biyu
da wannan ɗan bugun nata a ƙashin baya,
kamar ɗingishin da na sani.

Yau ma Asabar ce.
Inji na ruri, gareji ya cika da warin dizal.
Colter ya zaro sandar, ya goge, ya miƙo mini.
Na ce, a'a.
Kai ɗaga wa rana, ka faɗa mini abin da ka gani.