Awa Arba'in da Takwas

Ƙanƙara ta rufe garin Umeå,
mu kuma mun rufe ɗakin cin abinci.
Jar takarda a ƙofar gidan tsofaffi:
ba shiga, ko ɗa ne, ko jika.

Gunborg ce ta fara, daren Talata,
amai ya zo mata babu sallama.
Kafin asuba sun kai huɗu,
har da mai dafa mana kofi.

Noro ake ce mata.
Ido bai taɓa ganinta ba,
amma ta san marikin ƙofa,
ta san makunnin fitila, ta san cokali.
Man goge hannu, dariya take masa.
Sabulu take tsoro, da ruwan famfo,
da mai haƙurin cuɗa tsakanin yatsu.

Na wanke har fatata ta tsage.
Zannuwan gado na tafasa a inji,
daɓe na warin kulorin.

Tsoho Halvar, masunci a zamaninsa,
ya ture ruwan gishiri da sukari:
"Na sha teku, ya ishe ni."
Na ce kurɓi ɗaya dai.
Ya kurɓa. Bai dawo ba.

Ya miƙo hannu,
na ba shi nawa cikin shuɗiyar safar roba.
"Yaushe zan ga Ylva?"
Sai cikinka ya lafa, na ce,
mu ƙirga kwana biyu cur.

Ya juya ga agogon bango,
leɓɓansa na motsi.
Ban ce masa ƙirgar ba ta fara ba tukuna.