Jan Biro

Ni ne ma'aji. Littafin yana hannuna
tun muna sittin da uku, Lahadin ƙarshen wata,
ƙarƙashin mangwaro a bayan firamare a Kakuri,
jiniyar masaƙa na kira, mu ko ba mu gama musu ba
kan nawa za a ba wanda matarsa ta sauka.

A lokacin suna da biki ke cin asusu:
rago, goro, kuɗin kujeru.
Shafin jinya ya shekara biyu fari fat,
in ban da Dogara da inji ya taɓa wa yatsa.

Yau mu goma sha tara ne.
Injuna sun yi shiru, ciyawa ta rufe ƙofa,
amma audugar da muka shaƙa ba ta yi ritaya ba,
tana nan a ƙirji tana saƙa abinta.
In mun taru, tari ke buɗe taro kafin addu'a.

Biro biyu gare ni. Shuɗi na wanda ya biya,
ja na wanda ba zai sake biya ba.
Tanimu Mai Rini, ja, tsakiyar damina.
Barnabas, ja, jajiberin Kirsimeti;
Haladu ya kama gefen akwati har ƙofar coci.
Lantana ta sashen zare, hawan jini, dare ɗaya.
Iliya, wanda ƙarar inji ta cinye wa kunne,
shekara goma ana kira ba ya ji.
Wannan kiran ya ji.

Jikana Mudassir mai karatun lissafi
ya buɗa littafin, ya daddanna waya, ya ce, "Kaka,
cikin goma, biyu ke tafiya a shekara, huɗu na kwance.
Ɗari biyar-biyar ba za ta riƙe ku ba.
Asusun nan ya fi ku ciwo."
Na ce ka iya ƙidaya, yaro,
amma biyun nan ni na san inda suke ajiye takalmi,
na san mai shan shayi ba sukari tun kafin likita ya hana.

Mun kai maganar taro. Wasu suka ce a ƙara kuɗi.
Da me?
Wasu suka ce a rage na asibiti, a bar na likkafani.
Asabe matar marigayi Gambo ta miƙe, ta gyara mayafi:
"Wato sai mutum ya mutu za ku san shi?"
Ba wanda ya tanka.
Mangwaro ya faɗo, ba wanda ya ɗauka.

Haladu ya same ni a Makera bayan la'asar,
numfashi kamar ana jan buhu a kan siminti.
Ya ajiye dubu da ɗari biyar, takardu duk sun yi laushi.
"Na wata uku ne. Kada in tafi da bashin jama'a."
Na ce haba. Ya ce rubuta.
Na rubuta da shuɗi.
Bai cinye watan farko ba.

Ga shafinsa nan: jan layi ya ratsa suna,
gaba da shi shuɗi biyu a tsaye, watannin da bai gani ba.
Na kai wa iyalinsa dubun, suka ce ba tasu ba ce.
Da ita aka sayo wa Yohanna maganin kwana biyar.
Na rasa wane shafi zan sa wannan,
mamaci ya biya wa mai rai.

Daren jiya tari ya tashe ni. Na kunna tocila,
na nemi sunana, lamba ta bakwai, shuɗi har ƙasa.
Jan biron ya fara shaƙewa,
sai na hura masa, na goga a tafin hannu.
Mudassir ya ce zai sayo mini sabo.
Na ce bari tukuna,
mai ja mini nawa layin ya zo da nasa.
Lahadi dai akwai taro.
Ka zo da wuri ka ɗaukar mini benci.