Dunduniya

Balaraba ta turo hoto bayan la'asar,
ina tsaka da ɗinkin sandal ɗin wani malamin Samaru.
Katakai huɗu, dogaye, sirara,
jingine a bangon wani kanti
can ƙasar da rana ke musu rowa.
Ta ce: Baba, kai ka san ƙafa, zaɓa mini biyu.

Ni?
Ƙanƙarar da na sani
ita ce ta cikin kular mai zoɓo a Tudun Wada,
sai wadda ta zubo wata damina
ta yayyaga mana ganyen masara a Dakace.

Ta ce ɗaya na gangaren da aka share ne,
inda kujera ke ɗaukar mutum a kan igiya
ta sauke shi a ƙoli, ko gumi bai yi ba.
Shi wannan nauyi gare shi,
maɗaurinsa ya kama dunduniya ya riƙe gam,
ba ya saki sai ka faɗi.

Ɗayan na daji ne, inda babu sawun kowa.
Sakayau yake kamar karan dawa.
In za ka hau, ka kwance dunduniya,
ka manna masa fata a ƙasa don kada ya zame baya.

Fata! Nan na ajiye basilla.
Ashe har a can sai da mu.

Kuɗin ɗaya gare ta, ta ce,
kuma tana son duka biyun:
Asabar da abokan aiki,
Lahadi ita kaɗai da dutse.

Shekara talatin da bakwai ina zaune a kan wannan buzu.
Ban taɓa ɗinka takalmin da ya ƙoshi da kwalta
ya kuma ƙoshi da kunyar gona ba.
Wanda ya ce miki nasa na yin duka
ciniki yake yi.
Ko dai ki ɗauki nauyi a hawa,
ko ki ji rawar ƙafa a gangara.
Wani wuri dai sai kin biya.

Ban faɗa mata haka nan take ba.
Na jawo akwatin kwalaye,
inda nake zana ƙafar duk wanda na yi wa aiki,
na tono tata, tana 'yar shekara tara.
Babban yatsa ya karkata waje.
Shekarar ce ta ɓace mana a Kufena,
muka same ta a saman dutse,
silifas ɗaya a hannu, igiyarsa ta tsinke,
tana kallon Zazzau kamar faifai.
Ba ta bi ta inda ake bi ba.
Ba ta taɓa bi ba.

Na danna waya na yi magana:
Ɗauki wanda ke sakin dunduniya.
Amma ki sa mai kantin ya gwada miki maɗaurin a gabanki,
sau uku, ba sau ɗaya ba.
Ki ji ƙararsa da kunnenki in ya kama,
ki ga ya saki in kin murɗa.
Kada kuma ki shiga dajin nan ke kaɗai.

Ta turo dariya.

Malamin ya dawo karɓar sandal ɗinsa,
ya tarar ban gama ba,
ina auna kwali da tafin hannu.